Sunan da Ya Ƙi Goguwa

Masu ban-ruwan lambu ne suka fara ganin gawar, da safiyar wata Litinin a shekarar 2007, kwance a gefen babbar magudanar da ke kwashe ruwan masana'antun Challawa zuwa kogi. Kafin Sufeto Ashafa ya iso daga hedikwatar 'yan sanda ta Bompai har mutane sun yi cincirindo, kowa ya toshe hanci da gefen riga.

Ashafa dogo ne, ya fara furfura, kuma ya daɗe a sashen binciken kisa. Ya tsuguna ya duba. Magidanci ne da bai wuce talatin ba, daga shi sai singileti da gajeren wando. Babu sara, babu suka. Amma fatar ƙafafunsa ta yi fari ta saɓule har gwiwa, kuma akwai shatin igiya zagaye da ƙugunsa.

Yana cikin dubawa wata mata ta kutso cikin taron da goyo a bayanta. Tana ganin fuskar ta zube ƙasa.

Sai da ta ɗan nutsu Ashafa ya matsa kusa da ita.

"Baiwar Allah, ya sunanki?"

"Rakiya. Mijina ne, yallaɓai. Ɗan'auta Usaini. Haka yake a katinsa na aiki."

"A ina yake aiki?"

"Kamfanin jima na Ɗinya. Jiya da hantsi aka aiko ya zo. Na ce masa yau fa Lahadi. Ya ce rami za a kwashe, ba zai daɗe ba."

"Wa ya aiko?"

"Bai faɗa min ba."

Ta gyara goyonta, ta ce tun daga wani ƙauye a Jigawa ya ɗauko ta, ba ta da kowa a Kano sai shi. Ashafa ya sa kofur ɗinsa ya raka ta gidanta a Panshekara.

Tun daga nesa warin ɗanyar fata ya tare shi. A ƙofar kamfanin ya tarar da wasu ma'aikata suna ta sa-in-sa da maigadi. Na'urar da ake goga kati a shiga ta ƙi karɓar katinsu tun safe.

"Ta ce wai ba ta san ni ba!" in ji wani. "Ni da nake nan tun kafin a sayo ta!"

"Ya sunanka?" in ji Ashafa.

"Ɗanladi."

"Kai fa?"

"Ɗanjuma."

Na ukun Ɗan'asabe, na huɗun kuma wani mutumin Filato, Daniyel. Duk sauran ma'aikatan sun shiga lafiya lau. Ashafa ya ɗan tsaya yana kallonsu, sannan ya wuce ciki.

Injiniya Gwadabe shi ne manajan aiki, dattijo mai fara'a da sanyin murya. Ya miƙe ya tari Sufeto da girmamawa, amma bai ba shi hannu ba, sai ya dafe ƙirji ya rusuna.

"Allah ya ji ƙansa, ko wane ne," in ji shi. "Amma ba na jin ma'aikacinmu ne. Bari mu duba."

Ya danna kwamfuta da yatsa ɗaya, ya juyo da fuskarta wajen Ashafa. Babu wani mai suna Ɗan'auta.

"Matarsa ta ce jiya an kira shi kwashe rami."

"Jiya Lahadi, Sufeto. Ba ma aiki. Ni kaina ina gida a Dorayi. Sai dai ko ɗan aikin yini ne, irin waɗanda fomanoni ke ɗauka a ɓoye. Ku tambayi Filibus, shi ke kula da ramuka."

Filibus, ƙaƙƙarfan mutum daga kudancin Kaduna, yana tsaye a bayan kamfani inda ruwan jima ke taruwa a manyan ramuka na siminti. Ɗaya daga cikinsu an kwashe shi rabi, an tara baƙin taɓo a gefe. A jikin katanga an shanya wata doguwar igiya, an wanke ta fes, alhali duk abin da ke wurin ya yi dauɗa.

"Ka san Ɗan'auta?"

"Ban san shi ba, oga."

"Wa ya kwashe wannan ramin?"

"Tun makon jiya yake haka."

Ashafa ya sa takalmi ya taɓa taɓon. Ya lotsa, ruwa ya fito.

"Taɓon makon jiya a ranar Kano? Filibus, ga gawa da shatin igiya a ƙugu, ga igiya a wurin aikinka, ga manajanka ya nuno ka. Ka zaɓa, ko ka gaya min a nan, ko a Bompai."

Filibus ya share gumi. Ya waiga hagu da dama.

"Na san shi, oga. Yarona ne, mai ƙoƙari. Da safen nan aka ce mu ce ba mu san shi ba. Ranar Juma'a aka ce in sa a kwashe ramin nan, wai Turawa masu sayen fata za su zo dubawa Laraba. Na ce ba zan sa kowa ba, takunkumin iskar duk sun lalace. Iskar ƙasan ramin nan, shaƙa ɗaya mutum yake faɗuwa. Jiya ina coci, kowa ya gan ni."

"Wa ya ce ka kwashe? Wa ya ce ku yi shiru?"

"Daga ofis ne."

"Ofis ba ya magana. Wa?"

Filibus ya sunkuyar da kai. "Ina da yara, oga."

Da azahar likitan da ya duba gawar ya bugo waya. Ba nutsewa ya yi ba, babu ruwa a huhunsa. Iska mai guba ce ta kashe shi, irin ta ramukan jima. Ashafa ya kashe wayar ya zauna a cikin mota. Hatsarin aiki ne, wannan ya gane. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wanda ya ɗauki ɗan mutum ya yar a kwata kamar mushe, sannan ya koma ya zauna yana share sunansa.

Ɗakin kwamfuta yana ƙarshen ofisoshi, sanyin na'ura kamar firji. Mai kula da shi Rahila Joshuwa ce, siririyar budurwa mai gilashi, wadda ta karanci kwamfuta a jami'a. Idanunta sun yi ja.

"Ni ban san komai a kan waɗannan injinan ba," in ji Ashafa, ya ja kujera. "Ki yi min bayani kamar kina yi wa kakanki. Yaya ake share mutum?"

Ta nuna wata baƙar na'ura da ke gurnani a lungu.

"Wannan ita ce saba, yallaɓai. Sunayen ma'aikata, da shigarsu da fitarsu, duk a cikinta suke. Ba a taɓa ta kai tsaye. Na yi wani shafi irin na intanet, amma a cikin kamfani kaɗai yake buɗewa. A layin adireshi na sama kake rubuta abin da kake so, shafin ya miƙa wa saba, ita kuma ta gudanar da sikirif. Wato jerin umarnin da na riga na shirya. Akwai na nemo suna, akwai na gyara, akwai na gogewa."

"Kowa zai iya?"

"Sai mai kalmar sirri."

"Wa ke da ita?"

"Ni."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai," ta ce, tana kallon ƙasa.

"Ita sabar tana tuna abin da aka ce mata?"

Rahila ta juya ga kwamfutar. Sannan ta danna, rubutu ya cika fuskar kwamfutar. Duk na jiya Lahadi ne da la'asar, daga kwamfutar babban ofis da kowa ke amfani da ita, kuma da kalmar sirrinta aka shiga. Layin farko ya ce:

gudanar?aiki=goge&suna='Dan'auta Usaini'

A ƙarƙashinsa akwai jan rubutu.

"Wannan jan fa?"

"Saba ce ta ce ba ta gane ba. Kuskure a kusa da 'auta'."

"Me ya hana ta ganewa?"

"Alhamzar tsakiyar sunan, yallaɓai. Wannan ɗan waƙafin na sama. Ka ga ana sa ɗaya a farkon suna, ɗaya a ƙarshe, don saba ta san inda ya fara da inda ya ƙare. To sunan Ɗan'auta yana da nasa a tsakiya. Da ta zo kansa sai ta ɗauka sunan ya ƙare a 'Dan'. Sauran ya zame mata shirme, sai ta ƙi yin komai."

Ashafa ya sa tabarau ya bi layukan da yatsa. Mai rubutun ya sake gwadawa, ya sake, iri ɗaya sak, kamar mai tura ƙofar da aka kulle. Sannan ya cire alhamzar gaba ɗaya, saba ta ce ba ta da mai wannan suna. Ya gwada da manyan baƙaƙe. Ya juya sunan, Usaini a gaba. Duk ja.

"Ke da za ki goge shi, yaya za ki yi?"

"Sai in ninka alhamzar, in rubuta biyu a jere. Shi ke nan."

"Sau ɗaya?"

"Sau ɗaya."

"To ba ke kika yi wannan ba."

Bai ɗago ba, ya ci gaba da bi. Bayan jerin kurakuran sai aka yi ɗan lokaci babu komai. Da aka dawo, rubutun ya canja. Yanzu 'Dan' kawai aka rubuta, da alamar kashi cikin ɗari a bayansa. Wannan ma ja. Aka sake yin shiru. Layin ƙarshe irin na samansa ne, sai dai an ƙara 25 a bayan alamar. A ƙarƙashinsa babu ja. Saba ta ce an gama.

"Wannan alamar me take nufi?"

"Tana nufin ko mene ne ya biyo baya. Duk sunan da ya fara da 'Dan'."

"Ɗanladi. Ɗanjuma. Ɗan'asabe."

"Har da Daniyel," ta ce a hankali.

"Ita kuma 25 ɗin?"

"A layin adireshi alamar tana da wata ma'ana daban. Sai an bi ta da 25 sannan take isa wurin saba yadda ake so."

Ashafa ya cire tabarau ya dube ta.

"Malama Rahila, na daɗe ina sauraron mutane. Wannan mutumin bai iya ba, kuma a ruɗe yake. Ya yi shiru, ya dawo da dabara. Ta ƙi, ya sake shiru, ya dawo da gyara. Wanda bai san ninka alhamza ba, ba zai san 25 da kansa ba. Wani yake tambaya. A duk kamfanin nan wa za a tambaya?"

"Ban sani ba."

"Ba ni wayarki."

Ta riƙe jakarta gam. Sai hawaye suka zubo ta ƙarƙashin gilashin.

Ashafa bai matsa mata ba. Ya bar ta ta yi kukanta, na'urar tana ta gurnani a lungu.

"Yallaɓai, kana Kano lokacin rikicin 2004?" ta ce daga baya.

"Ina nan."

"A Sharada muke zaune, ni da mamata. Da aka fara ƙone-ƙone, mutumin nan ya zo da motarsa ya ɗauke mu. Matarsa ta sa mana hijabi. Ya ɓoye mu a ɗakinta a Dorayi, ya zauna a ƙofar gida ya ce duk mai son shiga sai dai ya bi ta kansa. Shi ya samo min aikin nan. Baba nake ce masa. Kana so in ɗauki wannan mutumin in miƙa maka?"

Ashafa ma ya ɗauki gawawwaki a wancan makon, kuma ya san irin mutanen da suka yi abin da ta faɗa ba su da yawa.

"Akwai wata mata a Panshekara," in ji shi. "Da goyo. Kwamfutarki ta ce mijinta bai taɓa aiki a nan ba. In aka bar shi haka, ko diyyar gawarsa ba mai ba ta. Kuma kalmar sirrinki ce a kan komai. In ba ki faɗa ba, ke da Filibus za a kai kotu."

Ta buɗe jakar ta miƙa masa wayar. Kira biyu ne jiya da la'asar, duk daga lamba ɗaya. An ajiye ta da sunan Baba Gwadabe.

"Na ba shi kalmar sirrin bara, da zan tafi hutu," ta ce. "Ya ɗan yi kwas ɗin kwamfuta, yana son ya riƙa gwadawa. Jiya ina taron mata a coci ya kira, ya ce yana neman wani suna mai alhamza, saba ta ƙi. Na ɗauka nema yake. Na ce ya rubuta farkon sunan ya sa alamar. Ya sake kira ya ce ta ƙi, na ce ya ƙara 25. Ban tambaye shi sunan wa ba. Wallahi ban san gogewa yake ba sai da safen nan."

"Za a iya dawo da su?"

"Ina da kwafin ranar Juma'a."

"Ki dawo da kowa."

Ashafa ya sami Injiniya Gwadabe ya idar da sallar la'asar a ofis, yana zaune a kan darduma. Ya rufe ƙofa ya jira ya shafa addu'a.

"Injiniya, kun ce jiya kuna gida."

"Haka ne."

"Daga gida kuka kira Rahila a kan alhamza?"

Gwadabe ya yi ɗan murmushi. "Af, na manta. Na leƙo ofis na ɗan lokaci. Wata yarinya ce a sashen ɗauri, Sa'adiya, nake neman ranar da ta fara aiki."

"Sa'adiya da 'Sa' take farawa. 'Dan' aka rubuta. Kuma ba nema aka ce ba, gogewa aka ce."

"Kwamfutar babban ofis ce, Sufeto. Kowa yana taɓa ta."

"Ranar Lahadi? Ai kun ce ba kwa aiki."

Gwadabe ya dunƙule hannuwansa a kan cinya.

"Ku buɗe min hannuwanku."

A hankali Gwadabe ya juyo da tafukansa sama. Duka biyun sun ɗaye, jan nama a waje, shatin igiya ya ratsa su daga gefe zuwa gefe.

"Ni na jawo shi," in ji shi, muryarsa ta dushe. "Ni kaɗai. Ku rubuta wannan ma, Sufeto. Ban gudu na bar shi a ramin ba."

"Ina sauraro."

"Masu kamfani sun ce in Turawan nan suka ga ramin a cike, sun fasa ciniki, kuma a rufe sashen. Mutum nawa ke ci a sashen nan? Filibus ya ƙi. Na ce to bari in nemi yaro ɗaya mai ƙarfi, in tsaya a kansa da kaina, in ɗaura masa igiya. Ya yi nisa da aiki lafiya. Yana ta raha ma. Sai cebur ɗinsa ya fasa wani ɓawon taɓo a ƙasa, kawai na ga ya durƙushe. Na ja. Allah ne shaidata, na ja har na ji hannuna ya tsage. Na aiki maigadi sayen abinci tun farko don kada ya gani, ba mai taimaka min. Na sa shi a bayan a-kori-kurar kamfani."

"Ya riga ya cika?"

Gwadabe ya rufe ido.

"Yana numfashi."

Ashafa ya ajiye biron da ke hannunsa.

"Asibiti na nufa. Wallahi asibiti na nufa. Da na zo mararraba sai na tsaya. Na fara tunanin abin da zan ce. Wa ya sa shi, ina takunkumi, me ya sa ranar Lahadi. Na ce bari in ɗan nutsu. Ina jin gurnaninsa a baya. Na zauna riƙe da sitiyari, ban san iya lokacin da na yi ba. Da na fito na duba, ya daina. Sai na juya hagu, na bi hanyar kwata."

"Sannan kuka dawo kan kwamfuta."

"Na ce in babu sunansa, babu shigarsa, ba abin da zai haɗa shi da mu. Na rubuta, ta ƙi. Na rubuta, ta ƙi. Jinin hannuna yana ɓata madannan. Duk sanda jan rubutun ya fito, rabin sunansa nake gani yana kallona." Ya dubi tafukansa. "Rahila ba ta san komai ba. Filibus ma haka. Ni na ce su yi shiru."

Ya miƙe, ya naɗe dardumar ya ɗora a kan tebur, ya miƙo hannu. Ashafa ya sa masa ankwa a sassauce saboda ciwon.

Rahila tana tsaye a baranda lokacin da suka fito. Ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ka yafe min."

Gwadabe ya tsaya. Sai ya ce, "Tashi, 'yata. Ki gaida mamanki." Ma'aikata sun fito daga sassa sun jeru. Filibus ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

A cikin mota Ashafa ya zauna a baya kusa da Gwadabe, kofur yana tuƙi. Suka bi titin da manyan motoci suka farfasa, a-daidaita-sahu suna ta kauce wa ramuka. Da suka iso mararraba wata tirela ta tare hanya, dole suka tsaya.

"Nan ne?" in ji Ashafa.

Gwadabe ya gyaɗa kai bai ɗago ba.

Ashafa ya duba dama. Daga inda suke zaune ana hango allon wani ƙaramin asibiti, da ƙofarsa a buɗe, da wata nas tana shanya zanen gado a igiya. Ko da ƙafa mutum zai iya ɗaukar wani ya kai shi.

Tirelar ta wuce. Kofur ya waiwayo yana jiran umarni.

"Mu je Bompai," in ji Ashafa. "In mun sauke shi, ka kai ni Panshekara."